Waiwaye: Cp da Cv, tazarar da ta ba Newton wahala

Ɗan ƙanwata da ke shirin jarrabawar bakaloriya a nan Garwa ya iske ni da ƙorafi: "Kawu, iska ɗaya ce, me ya kawo ma'aunin ɗaukar zafi har biyu?"

Na nuna masa tukunyar ƙarfe ta kwamfuresar mai facin unguwarmu. Iskar da ke kulle ciki ba ta da wurin buɗewa, duk zafin da ranar Afrilu ta zuba mata, nan zai zauna. Ma'aunin ɗaukar zafin iska a kulle haka shi ne Cv. Ta cikin balan-balan kuwa kumbura take, tana ture iskar waje, sai wani kaso na zafin ya tafi wajen turin. Shi ya sa Cp, ma'aunin iskar da ke da damar kumbura, ya fi yawa: kilo ɗaya na iska na buƙatar jul (ma'aunin makamashi) kusan 1005 kafin ya hau digiri ɗaya, amma a kulle 718 sun isa.

An daɗe kafin a gane haka. A 1687 Newton ya lissafa saurin sauti, amsarsa ta gaza da kusan kashi 15 cikin ɗari. Daga baya ya yi ta kame-kame da zancen tururi da kaurin ƙwayoyin iska don cike giɓin, ko gwani ma ba ya son faɗuwa. Sai a 1816 Laplace na Faransa ya warware: sauti na matse iska da sauri, zafin bai samun damar fita, dole a shigar da Cp bisa Cv, wajen 1.4.

Ni dai Mayer ya fi burge ni. Likita ne Bajamushe, ya bi jirgin ruwa zuwa Java a 1840, ya ga jinin da yake tsaga wa ma'aikatan jirgin ya fi ja a ƙasar zafi. Daga nan tunanin alaƙar zafi da aiki ya kama shi. A 1842 ya ce tazarar Cp da Cv aikin turin nan ce, ya lissafa cewa kalori ɗaya, wato ma'aunin zafi, ya kai jul 3.6 na aiki. Daidai ɗin 4.18 ne, alƙaluman da ya samu a hannu ne ba su da kyau. Shekaru aka yi ana yi masa kunnen uwar shegu, sunan Joule na Ingila, wanda shi ma ya auna wannan alaƙar, ke tashe.

Yaron ya cire 718 daga 1005, ya samu 287, ya buɗe littafinsa ya tarar da lambar zaune a ƙarƙashin sunan Mayer.