Wi-Fi na laftof ya fara ɗaukewa: ta ina za a fara duba shi?

Ta yaya zan gane laifin laftof ne, ba na rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) ba?

Kafin ka taɓa komai, ɗauki waya ka tsaya kusa da laftof ɗin, ka haɗa ta da wannan Wi-Fi. Idan ita ma ta kasa, rabu da laftof, matsalar tana wajen rauta ko kamfanin da ke ba ka intanet. Idan wayar ta kama, kunna hotspot ɗinta ka haɗa laftof da shi. In ta kama ta zauna daram, katin Wi-Fi, wato ɗan guntun da ke kama Wi-Fi a cikin laftof, yana da rai, jituwa ce babu tsakaninsa da rautar. Tsohon katin da ke aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai ba zai taɓa ganin sunan da ke kan 5 GHz ba, wasu tsofaffin kuma ba sa gane sabon tsarin tsaro na WPA3, sai an mayar da rauta kan tsohon tsarin, WPA2.

Akwai kuma wadda ke nuna ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa. Buɗe Command Prompt, tagar Windows da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta ipconfig. Idan adireshin ya fara da 169.254, rauta ba ta ba laftof adireshi ba, ita ta laƙaba wa kanta. Kashe rautar ka kunna, sannan ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew.

Alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. Katin ya mutu ke nan?

Sau da yawa a'a. Fara da duba ko an kunna Airplane mode, ko hannu ya danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya ko jirgi. Wasu tsofaffin laftof suna da ɗan makunni a gefe, wanda jaka ke iya turewa.

In duk wannan lafiya, abin da ya fi yawa shi ne katin ya maƙale, kuma kashewar yau da kullum ba ta sakinsa. Dalili kuwa, Windows 10 da 11 suna zuwa da Fast Startup a kunne: idan ka danna Shut down, sai a adana halin da direbobi (manhajojin da Windows ke sarrafa sassan kwamfuta da su) suke ciki a dawo da shi in an kunna, har da maƙalewar. Restart shi ke fara komai daga tushe. Idan bai yi ba, kashe laftof, zare caja, cire batir in mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan ka kunna. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ke riƙe da katin. Mutane suna raina matakin nan saboda sauƙinsa, alhali ya dawo da katuna da yawa da aka riga aka fid da rai da su.

Me Device Manager zai nuna mini?

Danna maɓallin Windows tare da X, zaɓi Device Manager, buɗe Network adapters, ka nemi sunan da ke ɗauke da Wireless, Wi-Fi ko 802.11. Idan akwai alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kansa, danna shi sau biyu ka karanta lambar. Code 22 na nufin kashe shi aka yi, Enable kawai yake jira. Code 28 na nufin babu direba. Code 10 kuwa katin ya kasa tashi, Code 43 kuma Windows ce ta tsayar da shi domin ya kai ƙarar matsala. Waɗannan biyun na ƙarshe suna iya zama direba, suna iya zama katin kansa, don haka lambar ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Idan babu sunan ko kaɗan, shiga View ka zaɓi Show hidden devices. In ya fito a dusashe da Code 45, kwamfutar ta san shi a da, amma yanzu ba ta jin sa a raminsa. Leƙa BIOS, saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kashe WLAN, wato Wi-Fi, a can ba.

Lura da Bluetooth ma. A yawancin laftof kati ɗaya ne ke ɗauke da su biyun, sai dai a katunan da aka fi sani Wi-Fi yana bin hanyar haɗi da ake kira PCIe, Bluetooth yana bin ta USB. In duka biyun suka ɓace a tare, zargi ya karkata ga wutar katin ko zamansa a rami.

Ta yaya zan sa direba alhali ba intanet?

Haɗa waya da laftof da kebul ka kunna USB tethering, wato raba intanet ɗin wayar ta kebul, ko ka sa wayar Ethernet, ko ka sauke a wata kwamfutar ka ɗauko a filash. Sauke daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da ainihin lambar samfurinta. Samfuri ɗaya yakan zo da katuna daban-daban, to ka tantance naka: a Device Manager buɗe Properties na katin, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14C3 MediaTek, 168C Qualcomm Atheros, 14E4 Broadcom. Sai ka riƙe sabon direban a hannu tukuna, kana ka yi Uninstall device tare da goge tsohon, ka yi Restart, ka sa sabon. Idan matsalar ta faro ne bayan sabunta Windows, gwada Roll Back Driver da farko. Manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ka guje su, sukan ɗora wanda bai dace ba.

Yana kamawa, amma bayan 'yan mintoci ya ɗauke, musamman in ta farka daga barci.

Wannan yawanci tsimin wuta ne. A Properties na katin, in akwai shafin Power Management, cire alamar da ke kan "Allow the computer to turn off this device to save power". Idan yankewar na faruwa a 2.4 GHz kaɗai, duba abin da ke kusa: na'urar USB 3.0 da aka soka a gefe da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef duk suna yi wa wannan zangon kutse. Koma 5 GHz, ko ka sa rauta a tasha ta 1, 6 ko 11. Umarnin netsh wlan show wlanreport, in an buɗe Command Prompt da ikon Administrator, yana fitar da rahoton kwana 3 da suka wuce, da lokacin kowace yankewa da dalilinta.

Sai na matso gaban rauta take kamawa.

Nemi laifin a eriya. Eriyoyin suna cikin murfi, yawanci a saman sikirin, siraran wayoyinsu guda biyu, galibi baƙa da fara, sun bi ta cikin hinji sun sauko kan katin. Buɗewa da rufewa na shekaru yana cinye su a wannan lanƙwasar. Rubuta netsh wlan show interfaces ka dubi layin Signal. In kana taku biyu daga rauta amma yana nuna kashi 30 ko 40 cikin 100, ko lambar tana hawa da sauka yayin da kake motsa murfin, wayar eriya ta tsinke ko kanta ya fita daga kan katin.

Yaushe ne za a buɗe ta?

Bayan gwaji ɗaya: tayar da laftof daga filash mai Linux, wani tsarin aiki daban da Windows, ba tare da girka shi ba, ka buɗe Terminal ka rubuta lspci, umarnin da ke jero na'urorin PCIe. In katin ya fito kuma ya yi aiki, Windows ce ke da matsala. In nan ma babu shi, lokacin buɗewa ya yi. Wannan gwajin ya fi fomatin da ake saurin yi, wanda ke cin rana guda da fayilolin mutum, a gama kuma Wi-Fi yana nan yadda yake.

Kashe ta, zare caja, buɗe bayan, ka cire mahaɗin batir kafin komai. Katin ɗan ƙarami ne, galibi M.2 2230, wato faɗin milimita 22, tsawon 30, sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Ɗaga kan kowace waya sama tsaye da abin roba, kada ka ja ta wayar. In ka kwance sukurun katin zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare. Goge haƙoransa na zinariya da barasar isopropyl, ka bari su bushe, ka mayar a karkace yadda ya fita. Wajen mayar da wayoyin, daidaita kan a bisa mazauninsa sosai kafin ka danna, za ka ji ɗan ƙas. In ka danna a karkace bakin zai lotsa.

In sauyawa ya zama dole, wanne zan saya?

Karanta lambar da ke jikin tsohon. Mini PCIe na tsofaffin laftof da M.2 ba sa shiga ramin juna, kawunan wayoyin eriyarsu ma ba girma ɗaya ba ne. Intel AX200 da AX210 suna bin PCIe, suna aiki a yawancin ramukan M.2. Amma 9560 da AX201 na tsarin CNVi ne, rabin aikinsu yana cikin cif ɗin Intel na madabod, babban allon cikin kwamfuta, ba za su tashi a laftof mai AMD ba. Wasu tsofaffin ThinkPad da HP kuma BIOS ɗinsu yana ƙin katin da ba ya cikin jerinsa. A ThinkPad saƙon kuskure mai lamba 1802 ne ke fitowa, ta ƙi wucewa. A sirara-siraran laftof da yawa katin a manne yake da madabod da dalma, babu cirewa. A nan sai a soka ƙaramin adaftar Wi-Fi na USB, a yi wa na ciki Disable a Device Manager domin kada su riƙa karo.