Ma'anar "ƙima", da dalilin da ya sa kuɗin da aka liƙa wa zane ba ita ba ce

Tun watan Nuwamba na 2024, lokacin da gidan gwanjon Sotheby's da ke New York ya sayar da wata ayaba da mai fasaha Maurizio Cattelan ya manna a bango da salatif a matsayin aikin fasaha a kan dala miliyan 6.2, kalmar "ƙima" ba ta sake hutawa ba. Masu karanta labarai suka yi ta cewa "ayaba mai ƙimar dala miliyan shida", masu sharhi suka cafe. 'Yan siyasa kuwa dama sun daɗe da ita a baki: duk titin da za a ƙaddamar "mai ƙimar biliyan kaza" ne, ko da ruwan sama ɗaya zai kwashe shi. Abin da dukansu ke nufi shi ne kuɗin da aka biya, ko aka ce an biya. Wannan kuwa yana da sunansa tun tuni, wato tamani, ko farashi in ana son kalmar da ta fi yawo a yau.

Gidajen gwanjo ba su dame ni ba. Can masu kuɗi ne ke gwada ƙwanji a tsakaninsu, kuma ɗan kasuwa Justin Sun da ya sayi ayabar ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida a Hong Kong bai yi asarar komai ba, don takardar shaida ya saya da izinin manna wata ayabar duk lokacin da ya ga dama. Inda ruɗanin ke ɓarna shi ne manyan baje kolin zane da ake yi a fili, kan tituna da dandali, irin na Ann Arbor a jihar Michigan ta Amurka, wanda aka fara a 1960, da kowane watan Yuli yakan tara masu zane da sassaƙa kusan 1,000 da 'yan kallo kusan rabin miliyan, ko na Cherry Creek a Denver da aka fara a 1991. A nan babu dillali a tsakani. Wanda ya yi aikin da hannunsa yana tsaye cikin farar rumfa mai ƙafa 10 tsawo da ƙafa 10 faɗi, jama'a na wucewa. Wani zai sunkuya ya karanta 'yar takardar da ke gefen zanen, ya ɗago ya ce da abokin tafiyarsa, da murya yadda mai rumfar zai ji, "Wannan ai bai kai wannan ƙimar ba."

Sau da yawa abin da yake nufi shi ne kuɗin ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma sai ya ari kalmar da za ta mayar da maganar hukunci a kan zanen, alhali labarin aljihunsa yake bayarwa.

Malaman fiƙihu sun warware wannan tun ƙarnoni da suka wuce, kuma daga wajensu muka gaji kalmomin biyu. Tamani shi ne abin da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da zarar an sallama, shi ke nan. Ƙima kuwa ita ce abin da waɗanda suka san kayan za su tsayar a kansu in an tambaye su, ba tare da kula da wanda ya matsu ya sayar ko wanda ya ƙwallafa rai ya saya ba. Tushen kalmar a Larabci ma tsayuwa yake nufi, shi ne dai ya haifi iƙama da alƙiyama. Hausa kuma ta riƙe wani ɓangare na ma'anar da masu labarai ke mantawa: daga nan muka samu kimantawa da kimanin. In ka ce kimanin mutum ɗari, ka riga ka nuna ba ƙidaya ka yi ba, auna abin ka yi da ido da sani. Haka ƙima take, kintace ne na masu sani. Duk inda ka ji adadi ƙididdigagge har da ɗigo, tamani ake faɗa maka.

Akwai kuma rabo na biyu da ya fi wannan amfani ga zancen zane. Sun raba dukiya gida biyu. Akwai misli, abin da ake aunawa ko ake ƙidayawa kuma kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, kamar hatsi ko ƙarfe. In ka lalata wa mutum irin wannan, kwatankwacinsa za ka biya. Akwai kuma muƙawwami, abin da ba shi da tagwai, kamar doki ko gida. In ka halaka shi babu inda za ka samo irinsa sak, sai a kira masu sani su kimanta. Zanen da mutum ya yi da hannu, guda ɗaya tak a duniya, muƙawwami ne tsantsa. Kusan duk gardamar da ake yi a bakin waɗannan rumfuna daga nan take fitowa, don mai kallo yana zuwa da ma'aunin misli a kansa. Yana lissafa ƙyallen da aka yi zanen a kai, da fenti, da firam, da awannin da aka ɓata, ya haɗa, ya ga bai kai ko kusa ba. Shi ya sa tambayar da masu zane suka fi ji ita ce, "Kwana nawa ka yi kana yin wannan?"

Tambayar ta tsufa. An yi ta a gaban kotu a Landan a 1878, lokacin da mai zane James Whistler ya kai ƙarar mai sharhi John Ruskin saboda Ruskin ya rubuta cewa Whistler yana neman gini 200 (gini tsohon kuɗin Ingila ne, fam ɗaya da sule ɗaya) don ya watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska. Lauyan Ruskin ya tambaye shi kwana nawa ya yi a kan zanen, ya ce kamar biyu. Aka ce, aikin kwana biyu kake neman gini 200? Ya amsa cewa ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa yake nemar wa kuɗin. Ya ci shari'ar, aka ba shi diyyar rubu'in kwabo ɗaya, shekara na zagayowa ya tsiyace. Masu zane suna son wannan amsa ƙwarai, ni kuwa rabinta kawai na yarda da shi. Ta rufe bakin mai ƙidayar awanni, gaskiya ne. Amma shekaru ma awanni ne da aka tara. Akwai wanda ya shekara arba'in yana zane kuma har yau ba ya kyau.

Wahalar da mai rumfa ya sha tana bayanin farashinsa, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Ba kowa ake bari ya kafa rumfa a irin waɗannan wurare ba. Sai ka biya kuɗin nema, ka aika hotunan aikinka, alƙalai su tantance, galibi ba tare da sun ga sunanka ba. A Cherry Creek masu nema kan kai kimanin 2,000, a ɗauki wajen 250. In an ɗauke ka sai ka biya kuɗin rumfa, ɗaruruwan daloli, ka loda kaya a mota ka yi tafiyar kwanaki, ka kama masauki, kuma in iska ta tashi ta kwashe rumfar ko ruwa ya kori jama'a, yawanci asarar taka ce. Zane ɗaya da aka saya shi ke ɗaukar nauyin goman da aka koma da su gida. Duk wannan gaskiya ne, amma bai ƙara wa zanen ko ƙwayar ƙima ba. Mai kimantawa ba ya tambayar nawa ka sha mai a hanya.

Wani kuskuren kuma daga wurin yake tasowa. Zanen da mutum zai gani a rataye a farin bango, cikin ɗaki mai sanyi da shiru, ya jinjina kai ko da an ce dala 5,000, in ya same shi a rumfar tamfol kusa da mai sayar da abin sha sai ya fara tayi. Wanda ya ɗan san harkar ma yakan ce, ai gidan baje zane rabin kuɗin yake ɗauka la'ada, tunda nan babu shi, a rage mini rabi. Zancen rabin gaskiya ne, haka aka saba. Amma mai zanen da ya karya farashi a titi ya ci amanar gidan da ke tallata shi, ya kuma zubar da darajar abin da ke hannun duk wanda ya taɓa sayen aikinsa da cikakken kuɗi. Don haka masu mutunci a cikinsu farashi ɗaya suke riƙewa ko'ina, su ce albarka, ko da za su koma da kayan.

Labarin da kowa ke kawowa in an zo nan shi ne na Banksy, shahararren mai zanen bango na Birtaniya, kuma yawanci a karkace ake kawo shi. A watan Oktoba na 2013 ya sa wani dattijo ya kafa tebur a gefen Central Park a New York, da zanensa na ainihi, kowane dala 60, ba tare da an sanar da kowa ba. Aka wuni jama'a na wucewa. Sai can da yamma wata mata ta sayi ƙanana biyu don 'ya'yanta, bayan ta sa an rage mata rabi. Wata daga New Zealand ta sayi biyu. Wani mutum daga Chicago ya ce ya yi sabon gida yana neman abin rufe bango, ya kwashi huɗu. Cinikin ranar gaba ɗaya dala 420. Washegari Banksy ya fito ya ce nasa ne, kuma a watan Yuli na 2014 gidan gwanjon Bonhams a Landan ya sayar da biyu daga ciki a kan kusan fam 125,000.

Masu sharhi sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa jama'a makafi ne, taska a gabansu suka wuce. Ban yarda ba. Irin wannan zane da ake fesawa ta cikin yankakken kwali kowa na iya kwaikwayonsa, kuma ana sayar da na jabu a bakin titi. Iyakar abin da mai wucewa ya sani, misli ne a gabansa, in bai saya a nan ba zai samu a gaba, kuma dala 60 ma ba araha ba ce ga irinsa. Kimantawarsu daidai take da abin da aka ba su na sani. Ƙyallen bai canza ba tsakanin ranar da washegari, fentin ma haka. Suna ne ya sauka a kai, ya fitar da shi daga misli ya mayar da shi abin da ba shi da tagwai. Wannan labari ne a kan ƙarfin suna a kasuwa, kuma ba ya yi wa ɗan rumfar da ba a san shi ba alkawarin komai. In akwai wanda ya burge ni a ranar, mutumin Chicago ne: ya ga abu, ya yi masa, ya san inda zai rataye shi, ya biya.

Su ma masu rumfar ba su tsira daga ɓata kalmar ba. Akwai masu ce wa mai saye, "Wannan jari ne, ƙimarsa za ta hau." Da wace hujja? Ƙima tana hawa ne in akwai kasuwa ta biyu, wato masu jiran su saya daga hannun wanda ya fara saye, kuma mafi yawan ayyukan da ake sayarwa a baje kolin fili, har da masu kyan gaske, ba su da wannan kasuwa. Manyan gidajen gwanjo suna nema ne da suna da tarihin ciniki. Wanda ya sayi zane dala 3,000 yau, in ya tashi sayarwa baɗi, yana iya rasa mai taya shi rabi. Har masu sana'ar kimantawa a Amurka ba adadi ɗaya suke bayarwa ba: in don inshora ne, sukan rubuta abin da za a kashe a sayi makamancinsa, in don haraji ne ko rabon gado, sukan rubuta abin da zai iya samu tsakanin mai saye da mai sayarwa da babu wanda aka tilasta, wanda sau da yawa ya fi ƙanƙanta. Zane ɗaya ke nan da ƙima biyu a rana ɗaya, tamaninsa kuwa yana nan guda a jikin rasit. A ganina mai zanen da zai ce, "Saya don kana son ka riƙa ganinsa kullum," ya fi gaskiya, kuma shekara ashirin na kallon abin da kake so ba ƙaramin abu ba ne da za a samu a dala 3,000, sai dai ba a kai shi banki.

Inda mai ƙorafin tsada yake da bakin magana shi ne kwandon kwafe-kwafen da ake ajiyewa a gefen rumfa. Waɗannan hoton zanen ne aka ɗauka, aka buga da na'urar fesa tawada a kan takarda mai kyau ko ƙyalle, mai zanen ya sa hannu ya rubuta lamba, a ce 37/250. Ana kiransu giclée, sunan da wani mai buga hotuna a Kalifoniya, Jack Duganne, ya ƙirƙiro a 1991 daga kalmar Faransanci ta fesawa, don kada a ce musu bugun kwamfuta. Dabam suke da bugun hannu na gaske, inda mai zane ke sassaƙa katako ko ƙarfe ya danna kowace takarda da kansa. Shi ya sa wasu manyan baje kolin suka hana su ɗungurum, wasu kuma suka ce dole a rubuta a jikinsu cewa kwafi ne, a kuma ware su daga na ainihi. Ba laifi ba ne a saye su, hanya ce ta mai ƙaramin ƙarfi ya shigar da aikin da yake so ɗakinsa. Amma misli ne, lamba ta 37 da ta 38 ba su da bambanci, kuma in mai rumfa ya fara zancen hawan ƙima a kansu, mai saye yana da damar tambaya ko akwai wani bugun na wannan hoton a wani girman dabam, da nasa sabon lissafin 250.