Tsatsa a jikin tsohon takobin Japan: karanta wannan kafin ka sake tambayata

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya turo mini hoton takobin Japan da ya yi tsatsa, shi ya sa na tara amsoshin wuri guda.

Da me zan goge tsatsar, samfefa ko soson waya?

Ko ɗaya.

To, lemun tsami da toka fa? Ai suna fitar da tsatsar tukunya.

Ka faɗa da bakinka: tukunya. Tsami yana cin ƙarfen tare da tsatsar, ya bar ƙananan ramuka. Ruwan batir kuwa kada ma ka ambata.

In kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa?

Wani bawan Allah ya yi haka, ya turo mini hoto yana murna. Ruwan takobin yana ƙyalli kamar sabon cokali, dogon layin da ke raba gefensa ya shafe, tsinin ya zama kamar na wuƙar mahauta, ga wani shuɗin tabo a bakin kaifi inda injin ya ƙona shi. Ya tambaye ni nawa zai yi yanzu. Na rasa ta inda zan fara.

Maƙeran Japan suna naɗa ƙarfe mai tauri a kan ƙarfe mai laushi na ciki, wanda suke kira shingane. Fatar wajen ba ta da kauri, in ka cinye ta shi ke nan, ba ta dawowa. Zanen nan mai kama da gajimare da ke bin kaifi, wato hamon, ya samu ne lokacin da aka shafa wa takobin yumɓu, aka gasa, aka tsoma a ruwa. Zafin inji yana kashe wannan taurin.

Gindin da ke shiga cikin ƙota ya yi baƙi ƙirin. Shi dai zan iya gogewa?

Shi ne ma haramun na farko. Sunansa nakago. A nan maƙeri yake sassaƙa sunansa, kuma da launin wannan baƙar tsatsar da sawun magagari masana suke gane zamanin takobi. Wanda ya goge shi ya yaga takardar haihuwar takobin da hannunsa.

Tsatsar ja ce, tana ƙaruwa, kuma babu gwani kusa da ni. In zuba ido ke nan?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsarta kuma ba ta miƙe ba, don ban ga takobinka ba.

Tsatsa iri biyu ce. Baƙa ta riga ta kwanta, ba ta cin gaba, a bar ta. Ja mai gari-gari ita ce mai rai, ita ake so a tsayar. Lura da kalmar: a tsayar, ban ce a cire ba.

Ka tura 'yar ƙusar gorar da ke riƙe da ƙota, mekugi, ka zare ƙotar a hankali. In ta ƙi, ƙyale ta, kada ka kawo guduma. Sai ka sami mai marar nauyi, na keken ɗinki ya wadatar. A Japan man choji ake amfani da shi, wanda yawanci man ma'adini ne da ɗigon kanumfari. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, ban yarda da su ba. Shafa man a ruwan takobin kawai, bar shi ya kwana, washegari ka share da tsumman auduga mai laushi, wankakke. Riƙe tsumman ta bayan takobin, ka ja daga gindi zuwa tsini, sau ɗaya, ka canza gefen tsumma. Kada ka yi ta dirzawa gaba da baya, domin garin tsatsar da ya fita shi kansa samfefa ne. Za ka ga tsumman ya yi ja. Maimaita kullum, mako biyu, uku, har jan ya daina fitowa.

In akwai wurin da tsatsar ta yi tudu kamar ɓawon gyambo, wasu suna ture ta da ɗan ƙaho ko ƙashi ko tsinken gora bayan ta sha mai, tunda duk sun fi ƙarfe laushi. Yana yi, amma ina faɗa ne da ɗar-ɗar. In takobin yana da sauran gogen asali a kusa da wurin, za ka iya karce shi. In kuwa duk jikinsa ya riga ya dushe, haɗarin kaɗan ne. Kana shakka? Tsaya a mai. Ramin da ke ƙarƙashi zai zauna, kuma ba aikinka ba ne.

Abu ɗaya da ake mantawa: kuben. In cikinsa akwai tsatsa da datti, mayar da takobin ciki ɓata aiki ne. Naɗe shi a takarda mai tsabta, ka ajiye a kwance inda babu laima, ka riƙa dubawa da damina.

Na taɓa shi da hannu, na lalata shi?

Kwantar da hankalinka. Share, sa mai. Zanen yatsa sai ya daɗe a wurin yake zama tsatsa.

Wane ne gwanin, kuma nawa?

Togishi ake ce masa, wato gwanin goge takobin Japan. Koyon sana'ar yana cin kusan shekara 10, kuma zuriyar Hon'ami ta shafe ɗaruruwan shekaru a kanta. Da duwatsu kala-kala yake aiki, daga mai kaushi har zuwa siraran ɓarɓashin dutsen uchigumori da yake murzawa da babban yatsa. A Amurka ana cajin wajen dala 100 ko fiye kan kowane inci, katana kuma, wato dogon takobin, ta wuce santimita 60, kusan inci 24, sai ka yi lissafi. Ga layin jira, ga kuɗin sabon kube na farin katako. Ba kowane takobi ya cancanci wannan ba. In akwai tsaga da ta ratsa kaifi, hagire, riƙe kuɗinka.

Kakana ya kawo nawa daga yaƙin Boma. Na samurai ne, mayaƙan Japan na da?

Mai yiwuwa, amma kada ka fara cin bashi. Gaskiya ne runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a ciki, sun gwabza da Japan a can har 1945. Sai dai da yawan takubban hafsoshin lokacin ƙirar masana'anta ce, galibi da ɗan hatimi a nakago. Wasu kuma tsofaffin gado ne aka sa musu ƙotar soja. Masu tantancewa irin ƙungiyar NBTHK ta Tokiyo, da aka kafa a 1948, nakago suke fara dubawa. Ɗauki hotonsa gefe biyu a hasken rana, tsini yana sama.

Zan iya gwada kaifinsa a kan reshe?

A'a. Sayi adda.