Naƙasa (kalma)

Naƙasa, wadda wasu ke rubutawa nakasa, kalma ce mai nufin raguwar abu daga cikarsa. Da wannan ma'ana an fi jin ta a bakin malamai da masu wa'azi. A hirar yau da kullum, ragi ko raguwa ake cewa.

Asali

Daga Larabci Hausa ta aro ta, daga aikatau mai ma'anar "ya ragu". Harafin ƙaf na Larabci ya koma ƙ, kamar a alƙali, alƙalami da ƙabari. Ana kyautata zaton ta hanyar karatu ta shigo, wataƙila bayan zuwan Wangarawa Kano a wajen ƙarni na 14. Larabcin Cadi yana da tushen nan, sai dai ƙaf ɗinsa g ne. Shi ya sa Bahaushen Injamena ko Kusuri kan ji Shuwa ya ce nagis idan mudu bai cika ba, ya kuma gane nufinsa ba tare da tafinta ba.

A zauren karatu

Nan ne ainihin gidanta. Ɗalibin da ya buɗe Ahalari, ƙaramin littafin fiƙihu, a zaurukan Garwa, Marwa ko Ngaundere a Kamaru zai ci karo da ita a babin rafkanuwa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya rage sunna mai ƙarfi a salla, kamar ya manta sura bayan Fatiha, zai yi sujada biyu kafin sallama, wato ƙabli. Wanda ya yi ƙari sai ya yi ba'adi bayan sallama, in kuwa ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli ake yi. Malam na karanta nuƙsan, yana fassarawa: naƙasa, wato ragi. Haka masu tafsiri ke yi a aya ta 155 ta Baƙara, inda aka ambaci jarraba mutane da naƙasar dukiya da rayuka da 'ya'yan itatuwa. Wannan tsohuwar ma'ana ta fi ta yau, wato ta lalurar jiki, faɗi, kuma abin takaici ne yadda take ɓacewa daga bakin matasa.

Makusantanta

Tawaya ta fi kusa da ita. Daga nan ake cewa tauye mudu, tauye haƙƙi. Rangwame kuwa ragi ne da ake maraba da shi, na farashi ko na ciwo. A kasuwar Garwa "rage mini" mai saye ke cewa, ko ya juya Fulatanci ya ce ustu.

A yau

Yawancin masu jin ta lalurar jiki suke fahimta, kamar a naƙasasshe da naƙasassu. Wasu na ganin kiran mutum haka ƙasƙanci ne, sun fi son "masu buƙata ta musamman". Wasu ba su ga aibu ba.