Waiwaye: Gaban wa ake kai ƙarar masu riƙe da intanet?

A ƙauyukanmu na Jigawa, in mai unguwa ya raba rigimar iyakar gona ba ka gamsu ba, akwai dagaci, akwai hakimi, in ta kama a je gaban alƙali. To masu rabon adireshin da na'urar mai POS a kasuwar Gujungu ke hawa intanet da shi, in suka yi son zuciya, ina ake kai su?

Da farko kusan mutum ɗaya ne ke riƙe da wannan rabo, Jon Postel, masani a wata jami'ar Amurka. A 1998, shekarar da ya rasu, aka kafa ICANN, ƙungiyar da ta karɓi kula da rabon adireshi da sunayen intanet, gwamnatin Amurka na sa mata ido. Sannu a hankali aka buɗe ƙofofin koke: ka roƙi daraktoci su sake duba hukuncinsu, ko ka je ofishin mai sauraron ƙorafi, ko ka kai ƙara gaban kwamitin bincike mai zaman kansa. Ƙofar farko ba ta kwanta mini ba, domin wanda ya yanke hukuncin shi ake roƙo ya warware shi.

Rigimar wanda zai riƙe sunan .africa, wato ƙarshen adireshin shafukan intanet irin su .com, ita ce ta gwada kwamitin. A 2015 ya ce ICANN ta saɓa dokokinta wajen watsar da takardar DotConnectAfrica, ɗaya daga cikin masu neman sunan. Aka sake dubawa, duk da haka sunan ya koma hannun abokiyar takararta, ZACR ta Afirka ta Kudu. Ranar 1 ga Oktoban 2016 Amurka ta tsame hannunta, aka ba ƙungiyoyin da ke cikin ICANN ikon ƙin kasafin kuɗi da tsige daraktoci.

Amma wadda ta fi shafarmu ita ce AFRINIC da ke Mauritius, mai raba wa kamfanonin sadarwar Afirka adireshi, har da na Najeriya. Saɓaninta da kamfanin Cloud Innovation ya sa kotu ta rufe asusunta na banki a 2021. A 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo, wato wanda zai kula da ita na wucin gadi, zaɓen daraktoci na Yunin 2025 kuma aka soke shi, sai a Satumba aka sake. Duk tsawon wannan shari'a, mai lauyoyi da daloli ne ke magana a kotu. Mai POS ɗin Gujungu, da cinikinsa ya dogara a kan waɗannan adireshi, ko labarin zaman bai ji ba.