Tocilar Aljihu: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Saya

Tocilar da ake magana a kanta a nan ita ce ƙaramar da ke zama a aljihu ko a jaka kowace rana, wadda tsawonta bai wuce santimita 12 ba, nauyinta kuma bai kai ya ja aljihun kaftani ƙasa ba. Yawancin masu saye suna duban adadin hasken da aka buga a kwali. Amma batirin da ke cikinta da hasken da za ta iya riƙewa na awoyi su ne ke nuna ko za ta yi maka amfani.

Ga fitilar waya a hannun kowa, me zai sa a sayi tocila daban?

Fitilar waya an yi ta ne don ɗaukar hoto. Ba ta da kwanon da ke tara haske ya tura shi gaba, shi ya sa haskenta ke watsuwa, bayan 'yan taku kaɗan sai ya dushe. Ta isa neman makulli a ɗaki, amma ba za ta nuna maka abin da ke motsi a ƙarshen lungu ba, ko abin da ke kwance a ciyawa lokacin damina. Ga cin cajin wayar a daren da aka ɗauke wuta, lokacin da ka fi bukatarsa. Sannan wanda ke duba janareto ko injin mota da waya a hannu yana kasadar ta faɗa cikin mai ko kwata.

Lumen nawa ya kamata ta kasance?

Lumen shi ne ma'aunin jimlar hasken da fitila ke fitarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, sai ka auna da wannan.

Lumen 1 ko ƙasa da haka ya isa ka tashi da tsakar dare ka duba yaro ko ka nemi buta ba tare da ka tashi kowa ba, kuma idonka ba zai rufe ba idan ka kashe. Lumen 10 zuwa 30 ya isa karatu da zirga-zirga a cikin gida. Tafiya masallaci da asuba ko bin hanyar da ba fitila, lumen 100 zuwa 150 ya wadatar. Daga 300 zuwa 500 kuwa na haska tsakar gida ne, ko garke, ko gefen titi idan mota ta lalace. Abin da ya haura 1,000 na daƙiƙoƙi ne, a leƙa nesa a koma ƙasa.

Don haka kada ka tsaya ga mataki mafi ƙarfi kawai. Tocila mai matakai huɗu da aka jera da kyau, misali 1, 20, 150 da 800, ta fi mai matakai biyu masu ƙarfi nesa ba kusa ba. Matakin ƙasa shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi za ka fi kunnawa.

To, waɗanda ake rubuta wa lumen 100,000 a kwali fa?

Ƙarya ce, kuma lissafi yana nunawa. Ƙwan LED na tocila yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya. Lumen 100,000 ke nan zai ci wuta mai kusan wat 1,000, daidai da dutsen guga, abin da batiri ɗaya mai girman yatsa ba zai taɓa bayarwa ba. Irin waɗannan idan aka auna su, sau da yawa 'yan ɗaruruwa kawai ake samu.

Kamfanonin da ke mutunta kansu suna bin ƙa'idar awo da ake kira ANSI FL1, wadda aka fitar a Amurka a 2009. Za ka ga alamarta a kwali tare da jadawalin kowane mataki: lumen nawa, awa nawa. Sai dai ka san yadda ake ƙirga awoyin. A wannan ƙa'idar, ana fara ƙirga lokaci daga daƙiƙa 30 bayan kunnawa har hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Idan aka ce lumen 1,000 na awa biyu, ba a ce za ta riƙe 1,000 tsawon awa biyun ba.

Me ya sa hasken ke raguwa da kansa bayan minti ɗaya ko biyu?

Zafi ne. Ƙaramar tocila ba ta da jikin da zai kwashe zafin wat goma, sai na'urar cikinta ta rage wutar don kada ƙwan ya ƙone. Wannan ba lalacewa ba ce. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin gari ke haura digiri 40, saukowar takan zo da wuri. Abin tambaya shi ne a ina take tsayawa bayan ta sauko. Mai batirin lithiyum da ake kira 18650 da jikin alminiyum takan riƙe lumen 300 zuwa 500, mai batirin AA kuwa ƙasa da haka sosai. Jikin roba ba ya fitar da zafi, shi ya sa ƙwan irin waɗannan ke dusashewa da wuri.

Wane batiri ya fi?

Nan ne zaɓin yake, domin batiri ne ke yanke girman tocilar, nauyinta da daɗewarta.

Mai AAA guda ɗaya ita ce ta maƙalawa a makulli. Ba ta da nauyi, amma a lumen 100 da ƙyar take kai awa ɗaya. Mai AA guda ɗaya ta fi ta ƙarfi ninki biyu ko fiye, kuma babbar fa'idarta ita ce duk ƙauyen da ka shiga za ka sami batirin a shago. In za ka bi wannan hanya, nemi batirin NiMH mai caji, irin su Eneloop, wanda AA ɗinsa ke da kusan mAh 1,900 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) kuma ba ya zubar da ruwa. Batura masu arha na yarwa, idan suka daɗe a ciki, sukan zubo su cinye sifirin da cikin bututun.

Sai baturan lithiyum, waɗanda lambarsu ke nuna girmansu. 18650 na nufin kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Yawanci yana ɗaukar mAh 2,500 zuwa 3,500. Mai mAh 3,000 yana da kusan wat-awa 11, wato a lumen 100 zai kai ka awa goma ko sama, daren gaba ɗaya ke nan. Ga wanda ke zaune inda wuta kan yi kwana biyu ba ta zo ba, wannan shi ne girman da ya fi dacewa, ko da ya ɗan fi nauyi. 21700 ya fi shi ɗauka, wajen mAh 5,000, amma tocilarsa ta fara yi wa aljihu yawa.

Akwai kuma 14500, kuma a nan ake yin ɓarna. Girmansa ɗaya da AA, amma idan ya cika yana kai volt 4.2, shi kuwa AA volt 1.5 ne. Sa shi a tocilar da aka yi don AA kaɗai zai ƙona ta nan take. Wasu an ƙera su su karɓi duka biyun, kamar Lumintop Tool AA da Sofirn SP10 Pro. Irin waɗannan sun dace da matafiyi: 14500 idan akwai caji, AA idan babu.

Wadda batirinta ke rufe a ciki ba ya fita, ranar da batirin ya mutu ita ma ta mutu. Wadda ake cire nata, da ɗaya a ajiye, cikin rabin minti ka koma cikakken haske.

Ta yaya ake gane batirin jabu?

Duk 18650 da aka rubuta wa mAh 6,000 ko 9,900 jabu ne, domin na gaske ba ya kaiwa ko kusa da haka. Sai nauyi: na ainihi yana da giram 45 zuwa 50, na jabu sau da yawa bai kai giram 35 ba, har a hannu ana jin bambancin. Masu ƙera na gaske su ne irin su Samsung, LG, Panasonic, Murata da Molicel. Akwai kuma waɗanda aka ciro daga tsoffin baturan kwamfuta aka sake musu riga. Duba kai da gindin batirin, idan akwai tabon walda da aka kankare, tsoho ne.

Idan robar da ke lulluɓe da batiri ta yage, a daina amfani da shi har sai an sake masa wata, domin duk jikin ƙarfen nan ɓangaren wuta ne. Kada kuma a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Idan ƙarfe ya haɗa kan batirin da jikinsa, zai yi zafin da zai ƙona cinya. Ƙaramin akwatin roba ake sa shi.

Wadda ake ja a zuƙo haske ba ta fi ba?

Ga aikin kullum, a'a. Idan aka zuƙo, kaso mai yawa na hasken yana maƙalewa a cikin kan tocilar. Sannan jan kan gaba da baya yana tsotso iska, da ita ƙura da danshi. Wadda kanta ke tsaye, mai haske a tsakiya da wani mai laushi a kewaye, ta fi aminci.

Nisan haske da kandela ake auna shi. Kandela 10,000 ana rubuta mata mita 200, amma a wannan nisan hasken da ya rage bai wuce na farin wata ba. Ka ɗauki rabin abin da aka rubuta a matsayin inda za ka iya gane abu. Ga aljihu, wadda aka rubuta wa mita 100 zuwa 200 ta isa.

Launin hasken yana da muhimmanci?

Yana da shi. Lambar da ke ƙarewa da K ita ce ke nuna launin hasken. Mai 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, yana kama da ya fi ƙarfi, amma a hazon hunturu yakan fi dawowa ido. Mai 4000K zuwa 5000K ya fi sauƙi a ido. Akwai kuma ma'aunin CRI, wanda ke nuna yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya. Masu arha suna wajen 70. Mai gyaran wuta da ke rarrabe jar waya da ruwan ƙasa, ko ma'aikaciyar jinya da ke duba ciwo da dare, su nemi 90 ko sama. Ƙwan Nichia 519A ya yi suna a wannan.

Wasu ƙananan tocila suna zuwa da ƙarin ƙwan UV, wato haske irin wanda ake duba takardar kuɗi da shi. Kunama tana sheƙi da launin kore-kore a ƙarƙashinsa, abin da ke da amfani ga masu kwana a tsakar gida lokacin bazara. Kada a haska shi a ido.

Ruwa da ƙura fa?

Lambar da ke farawa da IP ita ce ke nuna juriyar tocila ga ruwa da ƙura. IPX4 na jure yayyafi. IPX7 na jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IP68 ta haɗa da hana ƙura shiga gaba ɗaya, ita ce ta fi dacewa da ƙasar da ke da hazo da damina. Duk wannan ya dogara ne ga zoben robar da ke bakin murfi. A riƙa shafa masa giris na silikon sau ɗaya ko biyu a shekara. Man basilin yana lalata wasu nau'in roba.

Makunni na gindi ko na gefe?

Na gindi ya fi sauƙin laluba a duhu, babban yatsa ke kai masa. Na gefe ya fi daɗin sauya mataki, amma yana da matsala biyu: yakan danne da kansa a aljihu, kuma yana ɗan shan batiri ko tocilar a kashe take. Mai lumen 1,000 da ta kunnu a aljihu tana iya huda yadi. Maganin shi ne a sassauta murfin gindi da kwatan juyi, sai wuta ta yanke. Wannan yana aiki ne idan haƙoran murfin suna da baƙin rufi. Idan ƙarfe ne tsirara, sai a yi amfani da kullen makunni in akwai.

Ka guji wadda dole sai ka ratsa ta matakin ƙyaftawa kafin ka kashe ta. Mai kyau tana ɓoye wannan a bayan danna biyu ko uku, kuma tana tuna matakin da ka bari.

Tocilata mai USB-C ba ta caji da igiyar cajin wayata. Ta lalace ne?

Ba lallai ba. Wasu masu arha ba a sa musu 'yan ƙananan resisto biyu da ke sanar da caja cewa an jona abu ba, don haka igiya mai kan C a ɓangarorin biyu ba ta sakar musu wuta. Gwada igiyar da ɗaya kanta babban USB ne na da. Kada a yi cajin lithiyum a wurin da zafi ya haura digiri 45, kada kuma a bar tocila a gaban gilashin mota da rana. Idan za a ajiye batiri na watanni, a bar shi da rabin caji.

Idan ta fara ƙyafƙyaftawa ko ta ƙi kamawa, daga ina ake farawa?

Fara da sauya batiri. In ba shi ba ne, goge kan batiri, sifirin da bakin bututun da auduga da sifirit, domin datti a nan ne ya fi kawo matsalar. Sannan cire murfin gindi, ka haɗa gindin batirin da bakin bututun da ba fenti da guntun waya. Idan ta kama, laifin makunni ne. Leƙa cikin murfin, za ka ga zobe mai ramuka biyu da ke riƙe makunnin, yakan kwance da kansa, sai a ɗaure shi da bakin hantsaki. Idan kuwa batirin alkalin ne ya zubo ya bar farin gari, ruwan lemun tsami a auduga yana narkar da shi. A goge, a bari ya bushe sarai kafin a sa sabo.

A shago, me zan gwada kafin in biya?

Kunna kowane mataki. A mafi ƙanƙanta, kaɗa yatsunka da sauri a gaban hasken. Idan ka ga yatsun suna rarrabuwa kashi-kashi, hasken yana kaɗawa, zai gajiyar da ido wajen karatu. Bar ta a mataki mafi ƙarfi na minti biyu: jikin ya ɗauki ɗumi, alamar zafi na fita ke nan. Girgiza ta ka ji ko hasken zai yanke. Buɗe murfin ka ga zoben roba, ka karanta abin da aka rubuta a batirin. Duba ko tana iya tsayawa a kan gindinta, domin haska rufin ɗaki yana wadatar da ɗakin duka idan an ɗauke wuta. Daga nan sa ta a aljihun da za ka riƙa ɗaukarta, ka zauna, ka tashi.

Cikin sanannun kamfanonin tocila masu sauƙin kuɗi akwai Convoy, Sofirn da Wurkkos. Fenix, Nitecore da Olight sun fi tsada, kuma ana kwaikwayonsu da yawa, don haka duba lambar da aka zana a jikin tocilar ta yi daidai da ta kwalin.