Kifi da nono ba sa kawo kuturta

Daga Argungu har Yawuri, inda kifi yake abincin yau da gobe, har yanzu akwai iyayen da ke hana yaro shan nono bayan ya ci kifi, wai kada ya kuturce. Wasu kuma cewa suke yi gadonta ake yi. Duk biyun ba haka ba ne.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norway a 1873. Takan fito ta hanci da bakin majinyacin da bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin a ɗauka, don jikin yawancin mutane ma ba ya karɓarta. Tana iya yin shekara 5 ko fiye ba ta nuna kanta ba, shi ya sa idan ta fito wa mutum fiye da ɗaya a gida ɗaya ake zaton gado ce.

Farkonta ɗan tabo ne mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi. A asibiti sai a sa mutum ya rufe ido, a shafa auduga a wurin. In bai ji ba, sai a zurfafa bincike. Cutar tana kashe jijiyoyin da ke sa a ji taɓi, kuma wannan rashin jin ne ke cinye yatsu: mace ta sauke tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, miki ya ruɓe.

Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa wata 6 ko 12, a warke sarai. Sai dai jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, don haka ɓoye tabo saboda kunya babbar asara ce.